Zama Da Babban Maƙwabci: Abin Da Rikicin Iyakar Kamaru Da Najeriya Ya Koya Wa 'Yan Kasuwa

Daga wakilinmu a Poli

Masu iya magana kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, mu da muke zaune a yankin Faro, tun daga Poli har zuwa Beka da Camba da Wangai a gindin duwatsun Alantika, gemunmu da na maƙwabcinmu kusan a haɗe suke. Najeriya ƙasa ce mai mutane sama da miliyan 200, alhali mu a Kamaru kimanin miliyan 30 ne, kuma iyakar da ke tsakaninmu ta kai kimanin kilomita 2,000, daga Tafkin Cadi har zuwa bakin teku. Fetur ɗin da ke cikin baburanmu, da atamfar da ke cikin rumfunanmu, da kayan gyaran injinan niƙanmu, galibinsu daga can suke fitowa. Shanunmu da masararmu da gyadarmu da shinkafarmu kuwa can suke nufa. Saboda haka duk ranar da Yawunde da Abuja suka ɓata, ɗan kasuwar bakin iyaka ne ke fara ji a aljihunsa, tun kafin soja ya ɗaura takalmi.

Yaran da suka buɗe rumfa a 'yan shekarun nan ba su san cewa an taɓa yin lokacin da sojojin ƙasashen nan biyu suka yi ta harbin juna ba. Ya kamata su sani, domin wanda bai san inda ruwa ya taɓa cin mutum ba, shi ke shiga da kaya a ka.

Yadda Turawa suka tsaga gida ɗaya

Idan mai karatu bai manta ba, kafin zuwan Turawa babu wata iyaka tsakanin Garwa da Yola. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gurin ya fara zama, garin da ke bakin kogin Faro, wanda a yau yake cikin Najeriya, kafin a kafa Yola a 1841. Lamiɓen Garwa da Camba da Konca da Ngawundare duk Yola suke kai gaisuwa. Fatake Hausawa suna bin waɗannan hanyoyi da goro da kanwa da tufafi, babu mai tambayar su takarda.

A 1901 Ingilishi suka kama Yola, Jamusawa kuma suka mamaye Garwa da abin da ke gabas. Aka bar wa Lamiɗo babban birninsa a hannun wani Bature, mafi yawan ƙasarsa kuma a hannun wani. Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai Ingila da Faransa suka sake raba Kamaru a 1919. Daga baya, tsakanin 1929 da 1930, gwamnonin ɓangarorin biyu, Thomson da Marchand, suka rubuta takardar da ta bi iyakar dalla-dalla, kogi bayan kogi, dutse bayan dutse, aka kuma tabbatar da ita a 1931. Wannan takarda ce ta ce a nan wajenmu layin zai bi wani sashe na kogin Faro, sannan ya hau ƙoƙolin duwatsun Alantika. Haka aka wayi gari Komawa da Cambawa da Fulani da Hausawa, 'yan gida ɗaya, wasu suna biyan haraji da faransi, wasu da sule.

Ɓacin rai na farko bayan samun 'yancin kai ya zo ne a 1961. A watan Fabrairu na wannan shekara aka yi ƙuri'ar raba-gardama a yankunan Kamaru da ke hannun Ingila. Mutanen kudu suka zaɓi haɗewa da Kamaru, mutanen arewa kuwa, wato su Mubi da Ganye da Gashaka, suka zaɓi Najeriya, aka mai da su lardin Sardauna. Abin ya yi wa Shugaba Ahmadu Ahijo zafi ƙwarai, har ya kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar. Duk da haka, da yaƙin basasar Biyafara ya ɓarke a 1967, Ahijo ya tsaya bayan gwamnatin Janar Yakubu Gowon har aka gama a 1970. A cikin wannan zumunci ne shugabannin biyu suka sa hannu a kan Sanarwar Marwa ranar 1 ga Yuni, 1975, wadda ta shata iyakar ruwa a kudu. Bayan wata biyu aka hamɓarar da Gowon, waɗanda suka gaje shi kuma suka ce ba su san zancen ba.

Lokacin da bindiga ta yi magana

Ranar 16 ga Mayu, 1981, aka yi arangama a cikin ruwayen da ke kusa da Bakasi, sojojin Najeriya biyar suka rasa rayukansu. Hankali ya tashi matuƙa, jaridun Legas suna ta kiran a ɗau fansa, har Shugaba Shehu Shagari ya ƙaurace wa taron shugabannin Afirka da aka yi a Nairobi a wannan shekara. Sai da Kamaru ta ba da haƙuri, ta biya diyya ga iyalan mamatan, sannan ƙura ta lafa.

A can arewa kuwa wata matsalar ce ta daban. Fari ya sa Tafkin Cadi ya yi ta janyewa, masunta da manoma daga Najeriya suka yi ta bin ruwan, suna kafa ƙauyuka a inda ya bari, har suka shigo ƙasar Kamaru a wajen Darak. Daga 1987 jami'an tsaro da ma'aikatan Najeriya suka biyo bayansu, aka kafa tuta, aka buɗe makarantu, ana karɓar haraji.

Babbar wutar ta tashi ne a watan Disamba na 1993, wata ɗaya bayan Janar Sani Abacha ya karɓi mulki, sa'ad da sojojin Najeriya suka shiga Bakasi, tsibirin nan mai arzikin kifi da ake kyautata zaton akwai mai a ƙarƙashinsa. Najeriya ta ce ta je kare 'yan ƙasarta ne, domin mafi yawan mazauna wurin masunta ne 'yan Najeriya, kuma suna kukan jandarmomin Kamaru na gallaza musu. Kamaru ta ce mamaya ce ƙarara. Aka gwabza a Fabrairun 1994, aka sake gwabzawa a Fabrairun 1996, aka yi asarar rayuka, aka kama fursunoni. Sai a watan Nuwamba na 1998, bayan rasuwar Abacha, aka yi musayar fursunonin yaƙi sama da 200.

Bakasi tana da nisa ƙwarai da Poli, amma dattawan kasuwa ba su manta da waɗannan shekaru ba. Shingaye sun ƙaru a hanya, bincike ya yi tsanani, mai ɗauke da katin ɗaya ƙasar ya zama abin zargi a ɗayar. Kuma abin ya zo daidai da karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, wanda ya birkita lissafin kowane mai canji da mai bashi.

Ƙaramin da ya zaɓi kotu

A nan ne abin lura yake. Gwamnatin Shugaba Paul Biya ta san cewa ba ta da yawan sojan da za ta ja da Najeriya a fagen fama. Sai ta ɗauki takardunta ta nufi Kotun Duniya ranar 29 ga Maris, 1994. Bayan 'yan watanni ta ƙara da roƙon kotun ta duba maganar Tafkin Cadi, ta kuma tantance iyakar gaba ɗaya. Shekara takwas ana shari'a. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta yanke hukunci: Bakasi ta Kamaru ce bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, yankin Darak ma na Kamaru ne, Sanarwar Marwa kuma tana nan daram.

Mutane da yawa sun ɗauka hukuncin Bakasi kawai ya shafa. A gaskiya alƙalan sun bi wurare goma sha bakwai na iyakar tudu da ake gardama a kansu, kuma wasunsu a ƙofar gidanmu suke: Mayo Sence, da duwatsun Alantika, da Jimbare da Safeyo, da Tipsan kusa da Konca. Ba ko'ina Kamaru ta yi nasara ba, domin Safeyo, alal misali, kotu ta bar wa Najeriya. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta fito fili, wadda ta shafi kowane manomi da makiyayi. Kotu ta tarar ƙauyen Koja na Najeriya ya faɗaɗa ya shigo Kamaru, ƙauyen Turu na Kamaru kuma ya faɗaɗa ya shiga Najeriya, sai ta ce ba ta da ikon matsar da layi don gari ya girma, sai dai ƙasashen biyu su nemi maslaha tare da kiyaye haƙƙin mazauna. Ma'ana, gonarka na iya zama taka, amma ƙasar da take ciki takarda ce ke faɗa.

Da farko gwamnatin Najeriya ta nuna ba ta gamsu ba, aka shiga fargabar za a koma gidan jiya. Sai Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya haɗa Biya da Shugaba Olusegun Obasanjo a Jeniba a watan Nuwamba na 2002, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu. Ahmadu Ali ya jagoranci tawagar Kamaru, Bola Ajibola ta Najeriya. A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30 na yankin Tafkin Cadi. A Yulin 2004 aka yi musayar wasu garuruwa, Narki ta dawo Kamaru, Ndabakura da Burha-Wango suka koma Najeriya. Ranar 12 ga Yuni, 2006, aka sa hannu a kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, a gaban shaidu daga Amurka da Ingila da Faransa da Jamus. Sojojin Najeriya suka fice daga Bakasi a watan Agusta na wannan shekara, aka kammala miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta, 2008, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, duk da cewa Majalisar Dattawan Najeriya ta yi tir da yarjejeniyar a 2007. Wa'adin shekara goma na neman a sake duba hukuncin ya cika a Oktoban 2012 ba tare da Najeriya ta koma kotu ba.

Adalci ya wajaba a faɗa: ƙaramin ya yi haƙuri, babban kuma, mai ƙarfin da zai iya ƙin fita, ya fita. Tun daga ƙarshen 2009 ake ta kafa turakun siminti a kan layin, an kuma kafa fiye da dubu. Masunta da dama da suka bar Bakasi sun daɗe suna kukan rashin matsuguni, wannan kuwa tabo ne da bai warke ba. Amma yaƙin da aka yi ta tsoro tsakanin ƙasashen biyu, Allah bai kawo shi ba.

Sabon abokin gaba

Ba a gama murnar wannan ba sai wata masifar ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya su bakwai a kusa da Waza. A wancan lokaci zargi ya yi yawa: jami'an Najeriya na cewa Kamaru ta zama maɓoyar mayaƙan, Kamaru kuma ta ƙi yarda sojan wata ƙasa ya biyo su cikin ƙasarta, abin da ba zai ba wanda ya tuna Darak da Bakasi mamaki ba. A taron Paris na watan Mayu, 2014, Shugaba Biya ya shelanta yaƙi da ƙungiyar. A Yulin wannan shekara suka kai hari Kolofata, suka sace matar Ahmadu Ali, mutumin da ya jagoranci maganar iyaka. A Agusta ɗaruruwan sojojin Najeriya suka tsallako Kamaru bayan wani ƙazamin faɗa, aka karɓe su, aka mai da su gida lafiya. A Oktoba Mubi ta faɗa hannun mayaƙan na ɗan lokaci, ita kuwa Mubi kowa ya san matsayinta ga kasuwar Garwa da Gidar.

Kasuwannin Banki da Amchide da Fotokol suka mutu murus na tsawon lokaci, dubban 'yan gudun hijira suka cika sansanin Minawawo. Wuya ce ta sa maƙwabtan suka haɗa kai. A 2015 aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Cadi mai hedkwata a Njamena, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya zo Yawunde a Yulin wannan shekara. Sojojin da suka yi wa juna saiti a 1996 suka koma yaƙi kafaɗa da kafaɗa.

A nan jihar Arewa, abin da ya fi damun mai shanu da ɗan tireda shi ne 'yan fashin hanya da masu satar mutane don kuɗin fansa. Tun zamanin zargina, wanda ya sa aka kafa rundunar BIR a 2001, dabararsu ɗaya ce: a yi ɓarna a wannan ƙasa, a kwana a waccan. Duk lokacin da jami'an ɓangarorin biyu ba sa magana da juna, su ne ke cin riba.

Takarda ɗaya daga Abuja

Wani abin da tarihi ya nuna shi ne, ba sai an harba harsashi ba kafin babban maƙwabci ya girgiza mu. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki, ta canza launin naira cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ke da buhun tsohuwar naira a wannan gefe ya tashi da takardar banza, iyakar kuma ba a buɗe ta ba sai a 1986. A Agustan 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, aka kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sake kama masu ajiye kuɗi a gida. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai, farashin zuwa-zuwa ya yi tashin gwauron zabo a Garwa da Poli, kuɗin acaba da na dakon kaya suka bi shi. Faɗuwar naira da ta biyo baya ta sa kayan can sun yi wa mai sefa araha, amma mai sayar da shanu da hatsi a naira ya ga ribarsa na narkewa kafin ya iso gida.

Mu ma muna da abin da ke sa maƙwabcin kuka. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, idan ta cika dole a saki ruwa. A 2012 da 2022 an yi mummunar ambaliya a Najeriya, ɗaruruwan mutane suka mutu, mutane da yawa a can suka ɗora laifin a kan Lagdo. A nan kuwa ana tuna musu cewa madatsar Dasin Hausa da ya kamata a gina a ƙaramar hukumar Fufore don tare ruwan, ba a gina ta ba. Yanzu dai Yawunde takan sanar da Abuja kafin a buɗe ƙofofin, wannan ma ribar zaman lafiya ce.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ba shi da kujera a teburin shugabanni, amma yana da abin da zai yi wa kansa. Na farko, takardu. Tun 1963 akwai yarjejeniyar da ta ba 'yan ƙasashen biyu damar shiga ba tare da biza ba don gajeriyar ziyara, amma wannan bai ɗauke wa kowa riƙe katin shaida mai rai da takardun duwan na kayansa ba. Ranar da aka ɓata a sama, marar takarda ake fara kamawa a ƙasa.

Na biyu, kada a tara jari duka a kuɗi ɗaya ko a gefe ɗaya na iyaka. Abin da ya faru a 1984 da 1994 da 2023 ya isa darasi. Bashin da ke tsakaninka da abokin cinikinka na Gurin ko Jada ko Yola, a rubuta shi, a faɗi da wane kuɗi za a biya, a sa shaidu, kamar yadda addini ma ya umurta.

Na uku, a kiyaye baki. Jita-jitar "an rufe iyaka" ko "soja sun shigo" tana iya tashin kasuwa cikin sa'a ɗaya, yanzu kuma da waya a hannun kowa ta fi gudu. A tabbatar daga rediyo ko daga hukuma kafin a yaɗa. Haka nan idan rigima ta tashi kan gona ko mashaya ko turken iyaka, kada wani ya taɓa turken, kada kuma a mai da faɗan mutum biyu ya zama na ƙasa biyu. A kai wa jauro da lamiɗo da suparefe, su san takwarorinsu na ƙetare.

Na huɗu, sarakunan kasuwa da masu masauki su san baƙonsu. Mai sayen buhunan abinci da jarkokin mai da dare, ba a san inda yake kai su ba, cinikinsa ba riba ba ce. Kasuwar Banki babbar kasuwa ce, amma ba girmanta ya hana ta tashi ba.

Na biyar, ɗan Najeriyar da ke da rumfa kusa da taka amana ne a hannunka, kamar yadda ɗanka da ke karatu ko ciniki a Yola yake amana a hannunsu. Abin da aka yi wa baƙo a Beka ran kasuwa, kafin mako ya zagayo an ji shi a Gurin.

Maƙwabci ba a zaɓensa, kuma ba ya tashi. Shekara takwas na shari'a da wasu shida na zaman sulhu sun yi abin da bindiga ta kasa yi, mu kuwa da muke tsallaka Faro da kaya a kwalekwale mu ne muka fi kowa cin moriyar hakan. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba shugabanninmu haƙurin zama da juna, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.